Ƙwallo da Gyaran Unguwa: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Kafa Shirin Wasanni a Katsina

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu horar da yara, malaman firamare, shugabannin ƙungiyoyin matasa da iyaye a birnin Katsina da kewaye, duk lokacin da aka tashi kafa shirin wasanni don amfanin unguwa. An sa musu lamba saboda wata amsar tana jingine da wata.

1. Mene ne bambancin irin wannan shiri da kulob ɗin ƙwallo da muka saba gani?

Kulob gwanaye yake nema. Ya tace, ya ɗebi goma sha takwas, sauran su koma gefen fili su zama 'yan kallo. Shirin gyaran unguwa kuwa waɗancan na gefen fili su ne mutanensa: yaron da ya daina zuwa makaranta, wanda ya fara bin ƙauraye, yarinyar da ba ta taɓa samun wurin motsa jiki ba. Ana buga wasa sosai, ana cin kofi ma, amma abin da ake ƙirgawa a ƙarshen shekara daban ne (duba tambaya ta 17).

Tunanin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Bikin wasanni na ƙasa da aka fara a Legas a 1973 an ƙirƙiro shi ne don ɗinke ɓarakar da yaƙin basasa ya bari. A 2013 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 6 ga Afrilu ta kowace shekara a matsayin ranar wasanni don ci gaba da zaman lafiya.

2. Da gaske ƙwallo tana raba matasa da shaye-shaye da ƙauranci?

Ita kaɗai ba ta iyawa, kuma gara a san haka tun farko. Yaro zai iya buga ƙwallo da la'asar ya sha ƙwaya da magariba, kuma filin da babu babba a cikinsa yakan zama kasuwar masu sayar da wiwi. Aikin ƙwallo shi ne ta tara yara wuri ɗaya, da son ransu, sau uku a mako. Wannan taruwar ita ce dukiyar. Abin da ke gyara yaro yana cikin abubuwa uku da ake ɗorawa a kanta: lokaci tsayayye da ba ya canzawa, babban mutum da ya san sunan kowane yaro da ƙofar gidansu, da sharaɗin da ya ɗaure wasa da makaranta ko sana'a. Idan aka cire ɗaya daga cikin ukun, abin da ya rage nishaɗi ne kawai.

Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma taramol da wiwi da sholisho suna nan a hannun yara. Yaron da ya fara ɗanɗanawa, shiri mai tsari yana iya janyo shi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda abin ya riga ya kama jikinsa, har hannunsa na rawa in bai sha ba, asibiti yake buƙata ko sashen ba da shawara na hukumar NDLEA, kuma koci ya raka iyayensa can.

Kuskuren da aka fi yi shi ne korar yaron da aka kama. Korarsa mayar da shi ne hannun waɗanda ake ƙoƙarin raba shi da su. A hana shi buga wasan gasa na mako biyu ko uku, amma ya ci gaba da zuwa horo, a kuma ba shi wani aiki a hannu, kamar riƙe jakar ƙwallaye.

3. Dole sai ƙwallon ƙafa?

Ba dole ba ne, sai dai ita ce ta fi saurin tara yara maza. Langa ba ta cin ko kwabo, kuma darasinta a fili yake: kowa na tsalle da ƙafa ɗaya, ƙungiya duka tana kare wanda aka naɗa ruwa har ya kai wurin sha. Kokawa ta dace da matasa in an zuba yashi mai kauri kuma an haɗa sa'o'i a nauyi. Dambe a bar wa manya, saboda naushin ka ba abin da za a saba wa yaro ba ne. Ƙwallon raga da ƙwallon hannu sun fi dacewa da harabar makaranta mai katanga (duba tambaya ta 11).

Katsina ta yi suna a wasan folo tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981. Abin alfahari ne da za a gaya wa yara, amma wasan mai dawakai ne, ba na shirin unguwa ba.

4. Daga ina ake farawa?

Daga zauren mai unguwa, kafin a sayi ko ƙwallo ɗaya. Sannan limamin masallacin unguwa, malaman Islamiyya da shugaban makarantar da ke kusa. A je musu da abu uku a rubuce: ranaku da lokutan wasa, sunayen manyan da za su kula, da ƙa'idojin fili. Shirin da ya tsallake waɗannan mutane, ranar da aka fasa gilashin motar wani ko aka ji wa yaro ciwo ba shi da mai tsaya masa.

A kafa kwamiti na mutum bakwai: wakilin mai unguwa, malami ɗaya, iyaye mata biyu, matasa biyu da ma'aji. Sannan a bi gida-gida neman izinin iyaye. Takardar kowane yaro ta ƙunshi sunansa, shekarunsa, makarantarsa ko shagon da yake koyon sana'a, lambar wayar waliyyinsa, da ko yana da sikila, asma ko farfaɗiya. A fara da yara 30 zuwa 40, a riƙe su wata uku cur kafin a ƙara ko mutum ɗaya. Masu buɗe ƙofa ga yara ɗari biyu a makon farko, kafin wata ya zagayo ba su san wa ya zo wa bai zo ba.

5. Yaya ake samun fili, kuma yaya ake shata shi?

Filin makarantar gwamnati ya fi fegin mutum, domin mai fegi yana iya sauke bulo gobe. A yi yarjejeniya a rubuce da shugaban makaranta da kwamitin kula da makarantar, a kai kwafi ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, saboda shugabanni ana yi musu canjin wurin aiki, takarda kuwa tana nan.

Cikakken filin ƙwallo tsawonsa mita 90 zuwa 120 ne, faɗinsa 45 zuwa 90, raga kuma mita 7.32 a faɗi da 2.44 a tsayi. Yara ba sa buƙatar wannan. Fili mai mita 40 da 20, da ƙaramar raga mai mita 3 da 2, ya ishi 'yan biyar-biyar, kuma babban fili ɗaya yana ɗaukar irinsa huɗu, yara arba'in su yi wasa lokaci guda ba mai zaman jira. Don kusurwa ta fito daidai, a sami igiya mai mita 12, a ƙulla ta a mita 3 da kuma mita 7, a haɗa bakunanta, mutum uku su ja ta ta zama mai gefe 3 da 4 da 5. Kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 ita ce madaidaiciya. In wuri ya ba da dama, ragogi su kasance kudu da arewa, don kada ranar la'asar ta riƙa dukan idon gola. A ja layi da toka.

Kafin wasan farko, yara su jeru kafaɗa da kafaɗa su taka filin daga wannan kai zuwa wancan, suna tsince fasassun kwalabe, ƙusoshi da duwatsu, a kuma nome tsidau da ƙarangiya tun kafin su zuba ƙaya. Turakun raga a binne su aƙalla rabin mita a zuba siminti. Ragar ƙarfe da aka ajiye haka kawai tana kifewa kan yaron da ya yi lilo da ita, kuma tana kisa.

6. Waɗanne kaya ake buƙata ga yara arba'in?

Ƙwallo goma, wato ɗaya ga yara huɗu. Mai lamba 3 ga 'yan ƙasa da shekara takwas, lamba 4 ga 'yan takwas zuwa sha biyu, lamba 5 daga sha uku zuwa sama. Famfon iska biyu da allurai da yawa, domin allura ita ce ta fi ɓata. Rigunan shaida arba'in kala huɗu, waɗanda telan unguwa zai ɗinka da yadi mai araha. Ba sai an sayi jesi ba. Usur huɗu, robobin alama kamar arba'in ko gwangwanayen da aka shafa wa fenti, jarka biyu masu lita 25 domin kowane yaro ya sami aƙalla lita guda, da akwatin taimakon gaggawa (tambaya ta 14).

Ƙasar Katsina mai tauri tana cin ƙwallo. Kada a cika mata iska har ta yi tauri kamar dutse, kada kuma a bar ta cikin rana, ɗinkinta zai buɗe. Game da takalmi, doka ɗaya ce: ko kowa da kambas, ko kowa ba takalmi a filin da aka tsince. Haɗa mai takalmin ƙwallo da mai ƙafa tsirara shi ke jawo cirewar farce da tsagewar yatsa. Kaya su zauna a sito na makaranta, a ƙirga su a littafi bayan kowane horo, makulli biyu a hannun mutum biyu.

7. Wane lokaci ya dace, ganin akwai boko da Islamiyya da aikin gida?

Shirin da ya ci karo da Islamiyya ya riga ya faɗi a idon iyaye. A zauna da malaman a ji jadawalinsu. Galibi yammacin Alhamis da na Juma'a babu karatu, sai a ƙara da safiya ɗaya a ƙarshen mako. Wasan yamma ya fara bayan an idar da la'asar, a tashi minti ashirin kafin kiran magariba, yara su wanke jiki su sami jam'i. Wannan ƙa'ida ita kaɗai tana sayo wa shiri yardar dattawa fiye da kowane jawabi.

Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, saboda haka a tsaya shan ruwa duk bayan minti 15 zuwa 20, ba sai yaro ya nema ba. Da hunturu, ranar da hazo ya yi kauri a sassauta wa masu asma. Da damina yaran bayan gari suna gona, sai a rage ranaku. Kuma da zarar an ji tsawa a bar fili, kada a fake ƙarƙashin itace, a jira minti talatin bayan tsawar ƙarshe. Da azumi a dakatar da gasa, haka ma makon jarrabawa.

8. Yaya ake tsara horo na rana ɗaya?

Minti 90 sun isa. Goma na farko a zauna da'ira a kira suna. Goma na ɗumama jiki. Ashirin da biyar na koyon fasaha cikin ƙananan rukuni, kowa da ƙwallo kusa da shi. Talatin na wasa biyar-biyar. Sha biyar na ƙarshe a koma da'ira a tattauna.

Tattaunawar nan ita ce zuciyar shirin, kuma a nan aka fi yin kuskure: koci ya tsaya yana wa'azi na rabin awa, yara na kallon ƙwallo. Magana ta taso daga abin da ya faru a fili yanzu-yanzu. Misali, a sa dokar cewa ƙwallo ba ta ciwuwa sai kowane ɗan ƙungiya ya taɓa ta. Gwanin da ya saba yanka shi kaɗai zai fusata, ƙaramin da ba a taɓa ba shi ba zai sami rabonsa. Da aka zauna sai koci ya tambaya: "Kai da ba a saba ba ka ba, yaya ka ji yau? A gida ko a aji, wa ake mantawa da shi haka?" Ya yi shiru, su yi magana. Batu ɗaya a mako ya isa. Sau ɗaya a wata a gayyato wani daga unguwa, ma'aikaciyar lafiya ko bakanike ko kafinta, ya yi minti goma ya amsa tambayoyi.

9. Gasar kofi za mu sa ko lig?

Lig. A gasar sili-ɗaya-ƙwale mai ƙungiya 16, wasa 15 ne gaba ɗaya, kuma ƙungiya takwas sun fita tun wasansu na farko, wato rabin yaran sun koma bakin titi a makon farko. A lig mai ƙungiya takwas, kowa ya kara da kowa sau ɗaya, wasa 28 ne, kowace ƙungiya tana da bakwai. In aka yi gida da waje, mako 14 ke nan yara suna da abin da suke jira.

Lig kuma yana ba da damar saka halin kirki cikin teburin maki. Ƙungiyar matasan Mathare da aka kafa a Nairobi ta ƙasar Kenya a 1987 ta yi suna da wannan: ƙungiyoyinta suna samun maki a tebur in sun yi aikin share unguwa. A nan ana iya cewa maki uku na nasara, ɗaya na canjaras, ɗaya ga ƙungiyar da ta gama wasa ba kati ba zagi, biyu kuma ga wadda ta fito aikin gayya na wata da aƙalla kashi biyu cikin uku na 'yan wasanta. Ayyukan su zama waɗanda unguwa za ta gani da ido: yashe kwata a watan Mayu kafin ruwa ya sauka, dashen bedi a gefen fili da ba shi ruwa, share maƙabarta. Yashe kwata na 'yan sha biyar zuwa sama ne, da shebur da manjagara da safar hannu da takalmin roba. Wani ɗan kwamiti ne zai sa hannu cewa an yi aikin, ba kocin ƙungiyar ba.

10. Wasan unguwa da unguwa yakan ƙare da faɗa. Yaya za a kauce masa?

Faɗan fili yana da sanannun sabubba: an sako ƙato cikin yara, alƙalin wasa ɗan ɗaya daga cikin unguwannin ne, 'yan kallo sun zuba kuɗin caca, ko an sa kyautar kuɗi mai tsoka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A tantance shekaru tun wajen rajista da takardar haihuwa ko rajistar makaranta, a manna hoto, a rufe rajista kafin wasan farko. Alƙali ya fito daga unguwa ta uku. Kyauta ta zama ƙwallaye, littattafai ko kuɗin jarrabawa da za a biya kai tsaye. A ja igiya mita uku daga layi, kuma laifin 'yan kallo ya hau kan makin ƙungiyarsu. Nan da nan kyaftin zai fara tsawata wa mutanensa da kansa.

Inda akwai tsohuwar gaba, kada a fara da haɗa su karo. A cakuɗa yaran, a raba ƙungiyoyi da ƙuri'a, yadda ɗan Ƙofar Marusa zai riƙa miƙa wa ɗan Ƙofar Sauri ƙwallo har tsawon zango guda. Ranar wasan ƙarshe a sanar da 'yan sanda da 'yan sintiri tun da wuri, a kuma zaunar da masu unguwannin biyu a benci ɗaya.

11. Yaya za a shigo da 'yan mata ba tare da an saɓa wa iyaye ba?

Damuwar iyaye ta gaskiya ce, kuma kowace tana da amsa a aikace. Wuri ya zama harabar makaranta mai katanga da ƙofa, ba 'yan kallo maza. Mai horarwa mace ce. Sutura doguwar riga da wando mai faɗi da ƙaramin hijabi marar allura. Hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta duniya ma ta halatta wasa da lulluɓin kai tun 2014. Lokaci ya zama daf da tashi daga makaranta ko da safe, a sallame su da sauran rana, su tafi rukuni-rukuni. Dole a sami banɗaki mai ƙofa da ruwa, da audugar mata a akwati, in ba haka ba manyan cikinsu za su riƙa ɓacewa mako guda kowane wata har su daina zuwa.

Filin ƙwallon raga mita 18 ne da 9, tsayin ragar mata mita 2.24, ana sassauto da ita ga ƙanana. Gaɗa tana yin aikin ɗumama jiki, kuma ita ce ke sa mai jin kunya ta saki jiki. Iyaye mata na kwamiti su ne za su shiga gidaje da Islamiyyar matan aure su yi bayani, a kuma gayyaci uwaye su zo su gani da idonsu. Kada a ɗora hoton yarinya a Facebook ko WhatsApp sai da izinin iyayenta. Hoto ɗaya ya isa ya rufe shiri.

12. Almajirai, 'yan gudun hijira da masu buƙata ta musamman fa?

Almajiri izininsa yana hannun malaminsa, kuma hutun tsangaya na Alhamis da Juma'a ya yi daidai da jadawalin da ke tambaya ta 7. A tuna cewa da yawansu za su zo da yunwa. Kada a sa yaro gudu cikinsa ba komai, a tanadi ko ƙosai da kunu. Yaran da rashin tsaro ya koro daga wurare irin su Batsari, Jibiya da Safana a cakuɗa su cikin ƙungiyoyin unguwa, kada a yi musu tasu daban da za a riƙa kira da sunan gudun hijira, kada kuma a matsa musu su ba da labarin abin da suka gani.

Masu lalurar shan inna suna da ƙwallonsu da ake bugawa da hannu a kan allon taya, wadda ke buƙatar daɓen siminti mai santsi. Kurame suna shiga wasan kowa in alƙali ya riƙe tuta tare da usur.

13. Wa ya dace ya zama koci, kuma yaya za a kare yara daga cutarwa?

Hali ake fara dubawa kafin iya ƙwallo. Mutum biyu da unguwa ta yarda da su su tsaya masa. Ɗaliban sashen motsa jiki na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina da masu yi wa ƙasa hidima suna taimakawa ƙwarai, amma masu tafiya ne, don haka kowannensu a haɗa shi da ɗan unguwa da zai gaje shi. Babba ɗaya ga yara 15 zuwa 20.

Dokokin kariya a karanta su a gaban iyaye: manya biyu a kowane horo, babu duka, babu zagi, koci ba ya keɓewa da yaro a ɗaki, ba ya kiransa gidansa, ba ya ba shi kyauta a ɓoye, tafiya wajen gari sai da izinin iyaye a rubuce. Yara su san mutum ɗaya a kwamiti, wanda ba koci ba, da za su kai wa ƙara. In zargin lalata ya taso, a dakatar da wanda ake zargi nan take, a kai yaron asibiti, a sanar da hukuma. Rufa-rufa don kare sunan shiri ita ke ba mai laifi damar komawa kan wani yaron.

14. Me za a yi idan yaro ya ji rauni?

Akwati ya ƙunshi bandeji, auduga, filasta, maganin wanke ciwo, almakashi, safar hannu da ƙullin gishiri da sukari na asibiti. In babu ƙullin, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Targaɗe: a hutar da ƙafar, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaure, a ɗaga ta sama, ba a murzawa, ba a ja. In gaɓa ta canza siffa ko yaro ya kasa taka ƙafa, a tallafe ta yadda take a tafi asibiti a ɗauki hoto. Wanda ƙusa ta soka yana buƙatar allurar tetanus.

Abu uku ba sa jira. Yaron da ya bugu a ka ya yi jiri, amai ko ruɗewa ya gama wasa a ranar, ko da ya rantse ya warke, kuma likita ya gan shi. Wanda zafi ya buge har ya fara sambatu a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi. Mai sikila da ya ce ƙashinsa ko ƙirjinsa na ciwo a tsayar da shi, a ba shi ruwa, a kira gida. Kowane horo a san mai babur ko mai Keke Napep ɗin da za a kira, da kuɗin mai a cikin akwati.

15. Ina za a samo kuɗi, kuma a karɓi na 'yan siyasa?

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Karo-karon wata-wata daga 'yan kwamiti, 'yan kasuwar unguwa da 'yan unguwar da ke aiki a wasu garuruwa ya fi babbar kyauta ta rana ɗaya amfani, domin abin da ke kashe shiri ƙananan kuɗi ne masu maimaituwa: ruwa, facin ƙwallo, ɗan abin sabulun koci. Kada a sa wa yara kuɗin shiga. A karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku. Bayan shekara guda ana aiki, a yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa (CAC) a matsayin ƙungiya mai amintattu, a buɗe asusun banki mai sa hannun mutum biyu. Ƙungiyoyin agaji ba sa zuba kuɗi a asusun mutum.

Gudummawar ɗan siyasa ana karɓa da sharaɗi: kaya ne ba kuɗi a hannu ba, babu hotonsa ko alamar jam'iyya a rigar yara, kuma ba a kwasar yara zuwa taron kamfe. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin a nan shi ne yaran da aka raba da ƙauranci su koma 'yan bangar siyasa.

16. Yara da yawa burinsu Turai. Me za a gaya musu?

Gaskiya, ba tare da an kashe musu gwiwa ba. Waɗanda ƙwallo ke ciyarwa 'yan ƙalilan ne, kuma rauni ɗaya yana iya rufe ƙofar. Mai hazaƙa hanyarsa ta cikin gida ce: gasar makarantu, ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, har zuwa irin su Katsina United da ke wasa a filin Muhammadu Dikko. Dokar FIFA ta hana cinikin ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa, in ban da wasu 'yan yanayi ƙalilan. Duk dillalin da ya ce iyaye su sayar da gona ko fegi su biya kuɗin biza da gwaji, a kai maganarsa ga hukumar ƙwallon jiha kafin a ba shi ko sisi. Shi ya sa sharaɗin makaranta ko sana'a na tambaya ta 2 ya fi zama dole a kan gwanaye.

17. Yaya za a gane ko shirin yana aiki?

Da littafi uku. Na farko rajistar halarta: yaron da ya yi fashi sau uku a jere, a je gidansu a cikin makon. Na biyu katin makaranta ko na shago, wanda malamin aji ko maigidan sana'a zai sa wa hannu duk Alhamis; ba kati, ba wasan gasa. Na uku littafin abin da ya faru: faɗa, rauni, katin alƙalin wasa, ƙorafin maƙwabta, kowanne da kwanan wata.

A rubuta halin da kowane yaro yake ciki ranar da ya shigo, domin in ba a san mafari ba ba a iya auna tafiya. Ƙarshen kowane zango kwamiti ya zauna da littattafan ya amsa tambayoyi huɗu: cikin waɗanda aka fara da su nawa suka rage, nawa ne ba sa makaranta da farko yanzu suna zuwa, nawa suka kama sana'a, kuma faɗa ya ƙaru ko ya ragu. In fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun zube, a bi su gida a ji dalili kafin a ɗauki sababbi. Sau da yawa amsar tana cikin jadawali, ko yunwa, ko wani babban yaro da ke cin zalinsu a hanyar komawa gida.